Mutum Na Arba'in

Da Tela ne ya fara ganin takardar nan a jikin ƙofa, ko Malama, da an karanta ta a nutse an yi abin da ya dace kafin shayi ya huce. Sai Allah ya sa Kakaki ne ya fara fitowa a safiyar Juma'ar. Ya tsaya ya karanta layi uku na sama, ya fizge ta, ya koma cikin gida yana kaɗa ta sama kamar wanda aka aiko wa takardar gado.

Gidan haya ne mai ɗaki tara, kuma duk cikinsa babu wanda ya kai shekara talatin da biyar. Kicin ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu, tsintsiya kuwa kullum cigiyarta ake yi. Siyasa an daɗe da yi mata sallama a gidan. In rediyo ya fara labarai, Direba kan miƙa hannu ya murɗa zuwa waƙa, ba mai ce masa don me. Kakaki kaɗai ya rage. Shagon ɗaukar hoton takardu gare shi a bakin titi, amma in ka ji yana magana sai ka rantse shi ke ba shugabannin duniya shawara ta waya. Ya san sunayen ministocin ƙasashen da ba zai iya nuna maka su a taswira ba. Sunan Kakakin ma ba wani ya ba shi ba, shi ya raɗa wa kansa, mutane suka gaji suka karɓa.

Takardar ba ta da tsawo. Hukumar gari za ta mai da filin da ke bayan gidan jujin unguwa. Wanda bai yarda ba ya je ya karɓi fom, ya kawo sa hannun mutum arba'in mazauna layin, kowa da lambar katin zaɓensa, kafin sha biyun ranar Alhamis, a zaman majalisa.

Tagar da ke kallon filin nan ta Yaya ce. Yayar Kakaki ce uwa ɗaya uba ɗaya, nas a asibiti, kuma ita ta kawo shi gidan ta sama masa ɗaki lokacin da ba shi da wurin sa haƙarƙari. Ciwon asma gare ta tun tana ƙarama, hayaƙin ashana ma kan sa ta lalubi abin shaƙarta. Juji kuwa kowa ya san ba ya kwana uku ba a cinna masa wuta ba. In ya zo, Yaya ta tashi daga gidan, ba wata magana.

Ta karɓi takardar daga hannunsa ta karanta har ƙasa. "Ka biya ka karɓo fom ɗin," ta ce. "Ofishin yana hanyar shagonka."

Kakaki ya yi wata dariya ta tausayi. "Yaya, ke allura kika sani. Wannan gwagwarmaya ce. Ba a shiga gwagwarmaya da fom, da tsari ake shiga."

"Tsarin ne zai tare hayaƙi a tagata?"

"Ki bar mini kawai. Nan da Alhamis hukuma da ƙafarta za ta zo ta ba mu haƙuri, ta shuka mana furanni a filin."

Ranar Asabar ya tara kowa a tsakar gida. Ya zo da kundin tsarin mulki mai shafi goma sha ɗaya wanda ya buga a shagonsa, har da bango mai sheƙi. Ya kifa bokitin Malama ya hau don kowa ya gan shi. Bokitin ya jure shafi na ɗaya, a na biyu ya tsage, ƙafar Kakaki ta shige har gwiwa.

Malama, wadda ke koyar da lissafi a makarantar sakandare, ta dubi bokitin ta dube shi. "To, an samu shahidin farko na gwagwarmaya," ta ce.

Bai kula ba. Da bokitin a ƙafa ya naɗa kwamiti bakwai ga mutum tara. Direba ya samu shugabancin biyu, na sufuri da na ladabtarwa, kuma da yake shi ya zo a makare, shi ne shari'ar farko.

"Yanzu ni zan hukunta kaina?" in ji Direba.

"Dimokuraɗiyya kenan. Ba wanda ya fi ƙarfin doka."

"To na yi wa kaina afuwa."

Awa biyu aka yi a kan ko Jagora za a riƙa ce wa Kakaki ko Babban Jagora. Da aka zo ƙuri'a mutum takwas suka naɗe hannu, shi kaɗai ya ɗaga nasa, ya kuma sanar cewa ya lashe da ɗari bisa ɗari. Daga nan ya karanta Sashe na Tara, wanda ya fi alfahari da shi: don ƙarfafa zumunci, duk tufar da aka samu a babban baho ranar Talata da safe, mai aikin ranar zai wanke ta ba tare da tambayar mai ita ba. Wannan kam aka yi na'am da shi, don ba wanda ke son wanki.

"Fom ɗin fa?" Yaya ta tambaya daga ƙofar ɗakinta.

"Yana ajandar zama na gaba."

Da yamma ya jawo wani tsohon ƙyauren katako da ragowar jan fenti, ya kai su filin. Niyyarsa ya rubuta NAN ZA A YI JUJI AMMA BA MU YARDA BA, da haruffan da mai wucewa a mota zai karanta daga titi. Haruffan kuwa suka yi girma, masha Allah. Yana kaiwa JUJI, katako ya ƙare, fenti ma ya ƙare.

Tela, da ya riƙe masa ƙyauren, ya ja da baya ya karanta. "Sauran fa?"

"Mai hankali zai gane sauran."

Masu hankali suka gane. Lahadi da safe Yaya ta buɗe taga ta rufe da sauri. A gindin allon akwai tsibin shara uku, da fasasshiyar kujera, da wata katifa da ta gama ganin duniya. Kakaki ya fita da gudu ya tarar da Mai Baro yana juye na huɗu. Mutumin a ƙarshen layin yake zaune, sana'arsa kwashe sharar gidaje, kuma shekara shida yana tura baro tafiyar rabin awa zuwa tsohon juji.

"Yallaɓai, kai ka kafa allon nan?" Mai Baro ya kama hannunsa da hannu biyu. "Allah ya saka da alheri. Tun asuba sawu huɗu na yi, ko gumi ban yi ba."

"Wannan allon ƙin yarda ne."

"Ai kuwa an yarda. Har daga layin baya ana kawowa."

Da ya dawo gida ya tarar da idanun mutum takwas suna jiransa. Ya share hannunsa a wando ya ce an cimma matakin farko, wato wayar da kai, tunda yanzu babu wanda bai san wurin ba. Yaya ta shaƙi maganinta sau biyu ta tafi aiki.

Mataki na biyu shi ne sa hannu. Kakaki ya ce takarda ƙaramar aba ce, ana iya jefa ta a aljihun tebur a manta. Abin da hukuma ba za ta iya ɓoyewa ba shi ne ƙyalle. Ya ɗauko fararen zannuwan gadon Yaya biyu daga igiya, ya sa Tela ya haɗe su, ya ari lasifikar mai tallan magani, ya fita titi da manyan alƙalumma uku. Duk wanda ya wuce sai ya tare shi. Fasinjojin bas suka sa hannu ta taga. Wani baƙo da ke tambayar hanyar tasha ya sa sau biyu don a sake shi. 'Yan makaranta suka zana kyanwa da jirgin sama. Zuwa yammacin Litinin an samu sama da ɗari uku, kuma Kakaki ya rasa muryarsa rabi.

"Arba'in suka ce," ya faɗa wa Malama cikin dasasshiyar murya. "Na ninka musu har kusan takwas."

"Kyanwar a layin nan take zaune?"

"Ke matsalarki lissafi ya cinye miki hangen nesa."

Ya ninke ƙyallen da girmamawa. A ɗakinsa akwai ɓera, a igiya akwai tsoron ruwan sama, don haka ya nemi wuri mai aminci ya ajiye. Babban baho ya samu, ya kifa murfi a kai.

Talata da safe ya fito yana miƙa, sai ya ga wani farin abu mai tsawo ya cika igiyoyi biyu yana ɗigar ruwa. Fari fat, sai ɗan shuɗi-shuɗi a gefe inda wutsiyar kyanwa ta ƙi fita. Direba na tsugune yana ɗauraye hannu, warin bilic ya cika gidan.

"Me ka yi?" Muryar Kakaki ta fito kamar ta ɗan tsako.

"Wanki. Yau ni ne."

"Muryar al'umma ka wanke!"

"Ni dai datti na gani. Sai da na jiƙa shi awa guda, wallahi ya ba ni wahala."

"Me ya hana ka tambaya?"

"Sashe na Tara," in ji Direba. "Ba tambaya. In kana da ƙorafi ka rubuto wa kwamitin ladabtarwa, ina nan."

Yaya ta fito sanye da fararen kayan aikinta, ta tsaya ta kalli zannuwanta. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba Kakaki tsoro. Da rana ta nemi izini a asibiti, ta shiga ofishin hukuma, minti biyar ta fito da fom. Ta shimfiɗa shi a kan teburin kicin ta ce duk mai katin zaɓe ya ɗauko.

Nan fa aka ga abin mamaki. Tela ya zazzage aljihun kekensa, katin ya faɗo daga cikin tsofaffin maɓallai. Na Direba yana bayan madubin mota tun ranar da aka ba shi. Na Malama alamar shafi take yi da shi a littafin lissafi. Mutanen da suka yi shekaru suna cewa ƙuri'a ɓata lokaci ce, ga su suna goge katuna da gefen riga suna yi wa juna dariyar hoto.

Suka rabu biyu-biyu suka bi layin gida-gida. Aikin ba sauƙi. Wani katinsa na wata unguwa ne, wata mijinta ya tafi da nata cikin jaka, wani ya ce sai an faɗa masa wace jam'iyya ce ta aiko su. Malama ta tsaya minti arba'in da mai kanti tana karanta masa dokar tsaftar gari daga wayarta, ta fito da sa hannunsa da na matarsa, fuskarta na ƙyalli kamar ta ci jarrabawa. Direba ya gano cewa kansilan unguwar wani ne da ya sha ɗauka a mota bai sani ba. Da yamma a kicin aka buɗe rediyo, labarai suka fara, ya miƙa hannu ya ƙara murya.

Kakaki bai bi su ba. Ya ce jagora ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, jawabi yake shiryawa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: layi na ɗaya a fom ɗin nasa ne, a bar shi fari, a gaban majalisa zai sa hannu kowa na gani. Yaya ta ce to. Ranar Laraba ta kai masa katunan shago ya ɗauki hotonsu don a haɗa da fom, ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana bitar jawabinsa da ƙarfi, har injin ya yi zafi. Talatin da tara suka samu, an tatse layin tas. Da shi arba'in cif. Ba wanda ya tambaye shi ina nasa katin, don wa zai tambayi Kakaki irin wannan tambaya?

Alhamis ya sa aron kwat da ta fi shi faɗin kafaɗa, ya shige gaba, mutanen gida na biye. Zauren majalisa ya cika da masu ƙorafin kwata da fitilun titi. Kansiloli na zaune a dogon tebur, magatakarda a gefe da ƙararrawa, agogon bango a samansa. A bencin baya Mai Baro na zaune cikin wankakkiyar riga.

Sha biyu saura kwata aka kira batun juji. Minti uku ake ba kowa. Kakaki ya miƙe ya gyara kwat, ya gaida shugaba, ya gaida mataimaki, ya gaida kansiloli ɗaya-ɗaya, ya gaida 'yan jaridar da babu su. Ya shiga tarihin gwagwarmayar talakawa tun daga ƙarni uku baya. Yana cewa "wanda ya kawo mu kan batun shara", magatakarda ya kaɗa ƙararrawa.

"Ban fara ba."

"Ka gama," in ji magatakarda. "Fom."

Yaya ta miƙa. Magatakarda ya bi da bakin biro yana duba kowane suna da hoton katinsa. "Talatin da tara. Layi na ɗaya ba kowa."

Lokacin da Kakaki yake jira kenan. Ya zaro alƙalami daga aljihun ƙirji, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga shi sama don na baya su gani. Ya sunkuya ya zana wani sa hannu mai kai da wutsiya wanda ya sauka har kan sunan Tela.

"Lambar kati," in ji magatakarda.

"Na'am?"

"Katin zaɓe. Lambar."

Kakaki ya shafa aljihun kwat. Ya shafa na wando. Ya sake shafa na kwat, duk da ya san ba tasa ba ce. "Ranka ya daɗe, ni ne jagoran tafiyar. Wannan ƙa'ida ai ta mabiya ce."

"Ta mutum arba'in ce. Ka manto shi a gida?"

"Ba mantuwa ba ce, matsaya ce. Ni na daɗe da nazarin tsarin rajistar nan, na ga yana da kurakurai tun daga tushe, shi ya sa..."

"Ƙanina." Yaya ce, a hankali. "Ka taɓa yin rajista?"

Gaskiyar magana ita ce sau ɗaya ya je, shekara huɗu baya, ya ga layi ya kai bakin titi, ya tsaya ya yi wa mutanen layin lacca a kan muhimmancin ƙuri'a, rana ta yi zafi ya koma shago.

"Layin ne ya yi tsawo," ya ce.

Wata tsohuwa mai ƙorafin kwata ce ta fara dariya, sai zauren ya ɗauka. Har shugaban majalisa ya cire tabarau yana share ido. Tela ya rufe fuska da hula. Malama ta dubi agogo: saura minti huɗu.

Kakaki ya waiga kamar mai neman ƙofa, idonsa ya faɗa bencin baya. Ya ruga, kwat na kaɗawa. "Ɗan'uwa, kai a layinmu kake. Kana da kati?"

Mai Baro ya zaro shi daga aljihu, sabo fil cikin leda. "Ban taɓa fashin zaɓe ba, yallaɓai."

"Zo ka sa hannu, don girman Allah."

"Da ranar Juma'a kuka zo da na sa, ba ruwana da juji a lokacin. Ai ban san daɗin abin ba sai da ka kafa allo." Ya mai da katin aljihu. "Ni goyon baya na zo bayarwa."

Kakaki ya roƙe shi da zumunci, ya roƙe shi da makwabtaka, ya yi masa alƙawarin shugabancin kwamiti biyu. Yana cikin tayin na uku magatakarda ya kaɗa ƙararrawa. Shugaba ya ce ƙorafi bai cika ba. Ya ƙara da cewa hotunan da ma'aikata suka ɗauko sun nuna mazauna layin da kansu sun fara amfani da filin, har sun kafa allo, kuma majalisa na yaba wannan haɗin kai. Motocin shara za su fara ranar Litinin.

A waje mutanen gida ba su watse ba. Malama ta tare magatakarda a baranda tana tambayar yadda ake ɗaukaka ƙara, ya ce ana yi, amma wata uku ake ɗauka kafin a saurara. Ta rubuta. Direba na tambayar yaushe wa'adin kansila zai ƙare, Tela na cewa a yi zama ranar Asabar, ba bokiti, ba kundi. Ba wanda ya ce Kakaki ya zo, ba wanda ya ce kada ya zo.

Ya samu Yaya zaune a matakala, jakarta a cinya. Ya tsaya a gefenta ya gyara murya.

"Yaya, in aka duba abin ta wata fuska, wannan ba faɗuwa ba ce. Mataki na uku..."

"Katuna talatin da tara ka riƙe da hannunka jiya," ta ce. "Ɗaya bayan ɗaya."

Ya cire kwat ɗin.

"Wata uku ba zan iya ba. Sati ɗaya ma ban sani ba." Ta miƙe ta karkaɗe bayan rigarta. "Kwalayen da takardu ke zuwa a ciki a shagonka, ka tara mini guda shida, masu ƙwari. Ranar Asabar zan fara ɗaure kaya."

Ta sauka matakala ta nufi tashar bas, don ƙarfe biyu za ta karɓi aiki. Ya bi ta a baya yana riƙe da kwat ɗin a hannu, har suka kai titi.